SHARHI: Eriyar Da Ba Ta Juyawa Da Fataucin Hanyoyin Barno

Duk ɗan kasuwar da ya yi harka a Maiduguri cikin 2013 ya san darajar layin waya. A watan Mayu na shekarar, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, an katse wayoyin salula har na tsawon watanni, sai da wasu fatake suka riƙa tafiya wata jiha domin kawai su ji farashin kaya. Kafin nan, cikin Satumban 2012, 'yan Boko Haram sun ƙona turakun sadarwa masu yawa a arewa maso gabas. A Janairun 2021 kuma aka kayar da turakun lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya shafe kusan duk shekarar cikin duhu.

Turke abu ne kafaffe, kowa ya san inda yake. Cinikin mai sayar da hatsi a Old Maiduguri, cikin ƙaramar hukumar Jere, da na dillalin kifi a Tashar Baga, da na direban da ke ɗaukar kaya zuwa Gamboru Ngala a bakin iyakar Kamaru, duk a kan irin waɗannan turaku ya rataya, musamman tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya mayar da biyan kuɗi ta waya dole. Wannan ne ya sa ya kamata 'yan kasuwar Barno su san abin da ake ciki game da sabon nau'in eriya da ake sarrafa ta da lantarki.

Farantin tauraron ɗan'adam da aka saba gani a kan rufi dole ne a saita shi ya fuskanci tauraro guda da ke tsaye a nisan kilomita 36,000. Da ya ɗan goce, magana ta ƙare, shi ya sa ba ya amfani a kan motar da ke tafiya. Sabbin taurari na kusa kuwa, irin na Starlink a wajen kilomita 550 da na OneWeb a wajen 1,200, cikin 'yan mintoci suke ratsa sararin sama, sai an bi su.

Sabuwar eriyar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tire, ba ta da injin juyawa. An jera mata dubban ƙananan kafofi, kowace ta fi zangon igiyar rediyon ƙanƙanta, irin ƙirar da masana ke kira metamatiriyal. Kwamfuta ce ke buɗe wasu kafofin ta rufe wasu, sai igiyoyin da ke fita su haɗu su nufi kusurwar da ake so, kuma a sauya wannan kusurwa cikin ƙiftawar ido. Masanin Rasha Victor Veselago ne ya fara lissafin irin wannan ƙira a 1967, aka tabbatar da ita a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2000. Kamfanin Kymeta na Amurka, wanda aka kafa a 2012 da jarin Bill Gates a ciki, ya fara sayar da tasa a 2017, yana amfani da ruwan kiristal irin na allon talabijin wajen sarrafa kafofin.

Ba daidai ba ne a haɗa ta da farantin Starlink da ya shigo Nijeriya a Janairun 2023. Shi ma da lantarki yake karkata siginarsa, amma ta hanyar ɗimbin ƙananan na'urori masu cin wuta. Hujjar masu ƙera ta metamatiriyal ita ce ta fi sauƙin wuta, abin da ke da muhimmanci ga wanda batir da hasken rana ne jarinsa. Sai dai a maganar farashi Starlink ya yi mata nisa. Eriyar Kymeta dubban daloli ce, kuma sojoji da jiragen ruwa da hukumomin agaji ne manyan masu sayenta. Mai shago guda ba shi da abin yi da ita a yanzu, kuma duk dillalin da ya ce masa akwai, neman kasuwarsa yake yi.

Inda lissafin zai iya fita shi ne a tarayya. Motocin kaya sukan fita ne a ayari, wani lokaci da rakiyar jami'an tsaro. Eriya guda a kan motar gaba za ta ishi ayarin duka ya sanar da inda yake, ya karɓi kuɗi, ya ji farashin Gamboru tun kafin ya isa Dikwa. Ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kifi za ta iya ɗaukar nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ta raba kuɗin a kan kowane lodi. Haka ma bankuna, da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta nuna musu amfanin reshe mai tafiya a mota.

Babban cikas ɗin na hukuma ne. A Yunin 2013 sojoji sun haramta wayar Thuraya a Barno, domin abin da ke haɗa ɗan kasuwa da duniya yana iya haɗa ɗan ta'adda. Tsoron yana da tushe. Amma haramcin bai-ɗaya ɗan kasuwa mai bin doka kawai yake kamawa, mai fasa-ƙwauri ya shigo da tasa ta daji. Abin da ya dace shi ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta zauna da hukumomin tsaro su fitar da ƙa'ida a rubuce: a yi wa kowace eriya rajista da sunan ƙungiya da lambar mota, tunda na'urar da kanta tana bayyana inda take. Wanda zai zuba dubban daloli yana bukatar tabbacin ba za a ƙwace masa kaya a shingen farko ba.

Ita ma Jami'ar Maiduguri, wadda ke da sashen injiniyan lantarki, ya kamata Majalisar 'Yan Kasuwa ta jihar ta nemi ta gwada eriyar a zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu kafin kowa ya sa hannu a takardar saye.