Georgetown: Tarihi ba ya jefa ƙwallo cikin kwando

Duk wanda ke bin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ya san sunan Georgetown, jami'ar da ke birnin Washington. A shekarar 1984 ƙungiyarta ta ɗauki kofin ƙasa bayan ta doke jami'ar Houston, inda ɗan Najeriya Hakeem Olajuwon ke wasa. Da wannan nasara John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a matsayin mai horaswa. A nan ne Dikembe Mutombo ɗan Kwango ya fara suna, haka ma Alonzo Mourning da Allen Iverson. Shi ya sa faɗuwar ƙungiyar ta yi wa magoya bayanta ciwo, har da matasan Afirka masu mafarkin zuwa can karatu da wasa.

A 2017 jami'ar ta damƙa ƙungiyar ga Patrick Ewing, gwarzon da ya jagoranci 'yan wasan 1984. Ya ci gasar ƙarshen kaka ta rukunin Big East a 2021, sai dai abin da ya biyo baya babu daɗin ji. A kakar 2021-2022 sun buga wasa 19 a rukunin, ba su ci ko ɗaya ba. Jimilla sun sha kashi sau 29 a jere a wasannin rukunin kafin su doke DePaul a watan Janairun 2023. Filin da ke ɗaukar mutum kimanin dubu 20 ya koma kujeru wayam, waɗanda suka zo kuma suna ihun a sallami Ewing.

A ganinmu magoya bayan suna da gaskiya. Bayan kakar da ba a ci wasa ko ɗaya ba a rukuni, shugabannin jami'ar sun ƙara wa Ewing shekara guda, kuma ga dukkan alamu kunyar tarihinsa ce ta hana su yanke hukunci. Wannan kara ta jawo asarar wata kakar, wadda suka ƙare da nasara 7 da shan kashi 25, kafin a sallame shi a watan Maris na 2023. Girmama tsohon ɗan wasa wajibi ne, amma riƙon ƙungiya aiki ne da ake aunawa da sakamako.

To sai dai su ma magoya bayan akwai nauyi a kansu. Ed Cooley, wanda aka ɗauko daga jami'ar Providence, ya ci wasa 9 kacal a kakarsa ta farko. A ta biyu ya ci 18, kuma ɗan wasansa Thomas Sorber ya samu shiga NBA a 2025. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma tun 2021 dokokin wasan suka canza: ɗalibi na iya sauya jami'a ya ci gaba da wasa nan take, kuma yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa. Yaron da ya zo ya tarar da fili babu jama'a, da wuya ya zauna idan wata jami'ar ta neme shi. Ke nan ƙaurace wa fili yana ƙara wa mai horaswa wahalar tara 'yan wasa.

Don haka muna ganin kamata ya yi jami'ar ta fito fili ta faɗi abin da take jira daga Cooley kowace kaka: yawan nasara a Big East, riƙe 'yan wasa fiye da shekara guda, da komawa gasar ƙasa ta watan Maris. Idan ya cika, a bar shi ya yi aikinsa. Idan ya kasa, kada a maimaita jinkirin da aka yi a 2022. Magoya baya kuma su dawo kujerunsu, su yi ƙorafinsu daga cikin fili, inda 'yan wasa da shugabanni za su ji su.