Gishirin Jini da Takardar Asibiti

Mu malaman makaranta a nan Duwala muna da wani aiki da ba a biyan mu kuɗinsa, wato karanta wa 'yan'uwa takardun Faransanci. Kwanan baya wani dattijo ya taso tun daga New Bell har Bonamoussadi, ya miƙo mana takardar gwajin jininsa. A layin da aka rubuta "sodium" an sa 122, alhali ga mai lafiya ana son a gani tsakanin 135 da 145. Wani yaro ya riga ya fassara masa cewa gishirin jikinsa ya ƙare, har uwargida ta fara ƙara gishiri da magi a miya. Ga shi kuwa bawan Allah yana fama da hawan jini da ciwon suga.

Muka ce masa: "Baba, a dakata da gishirin nan, a koma wurin likita tukuna." Dalilinmu shi ne, can ƙasan takardar, layin "triglycérides", wato wani nau'in maiƙon jini, ya wuce misali.

To, ina ruwan maiƙo da gishiri? Bari mu yi lissafi irin na aji. Idan aka ware ƙwayoyin jini, ruwan da ya saura kashi 93 cikin 100 ruwa ne zalla, kashi 7 kuwa maiƙo ne da furotin. Sodiyam a cikin ruwan kaɗai yake narkewa, ba ya shiga maiƙo. Yawancin manyan na'urorin ɗakin gwaji sukan ɗebi awo guda su tsarma shi, su yi lissafi a kan cewa kashi 93 ɗin nan yana nan. A ce akwai sodiyam 150 a kowace litar ruwan: na'ura za ta rubuta wajen 140, lafiya lau. Amma idan maiƙo ya cinye wuri har ruwa ya koma kashi 80, sai ta rubuta 120, alhali gishirin da ke cikin ruwan bai ragu ko kaɗan ba. Kamar mudu ne da aka cika da gero haɗe da tsakuwa.

Wannan ba ya faruwa don mutum ya ci tsire jiya da dare. Sai maiƙon ya ninka ƙa'ida sau goma ko fiye, har ruwan jinin ya yi fari kamar madara. Ciwon suga da aka yi wa sakaci, shan giya, da gado, su ne suka fi jawo shi.

Haɗarin kuwa biyu ne. A ɗura wa mutum gishirin da ba ya bukata, a kuma bar ainihin cutar, domin maiƙo mai yawa haka yana iya kumbura saifar suga, wadda likitoci ke kira "pancréas". Likita na iya sa a sake awon da na'urar da ba ta tsarma jini, ko a cire maiƙon kafin a auna.

Kada kuma a ɗauka duk ƙarancin sodiyam na bogi ne. Mafi yawa na gaske ne, kuma yana iya kisa, musamman in akwai amai, ruɗewa ko farfaɗiya. Saboda haka, jama'a, mai karanta takarda daban, mai magani daban. Mu namu karatu ne, hukunci na likita. A kai masa takardar gaba ɗayanta, ba layi ɗaya ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.