Tashar lantarki ta kwal: aza harsashi ba shi ne wuta ba

Duk mai sana'ar waya a kasuwar Farm Centre ya san abin da rashin wuta ke ci masa. Mai gyara yana ƙona fetur kafin ya kunna na'urar narka dalma, mai cajin waya a Gyadi-Gyadi yana ƙara kuɗi duk lokacin da mai ya tashi, ɗalibi a Tarauni kuwa yana yawo da fawa-banki kamar katin shaida. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Kano ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Shi ya sa idan aka yaɗa labari a Facebook ko TikTok cewa za a gina tashar kwal mai ɗaruruwan megawat, matasa ke ɗokin ji, wasu har suna tambayar inda ake sayen hannun jari.

Tambayar tana da kyau, amma mai kuɗi na gaske ba ya duba hoton bikin aza harsashi. Idan aka auna da ma'auninsa, tashar kwal ba ita ce inda matashin Kano zai sa ɗan abin da ya tara ba.

Ayyuka uku da suka isa darasi

A Itobe da ke jihar Kogi, kamfanin Zuma Energy ya shirya tashar kwal mai megawat 1,200. An fi shekara goma ana maganarta, amma har yau babu tashar kwal ko ɗaya da ke ba babban layin lantarki na Najeriya wuta. A Salkadamna da ke jihar Tahoua a Nijar, an aza harsashin tasha mai megawat 600 a 2014, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, babu tashar da za ta cike giɓin.

Ta uku kuwa tana aiki. Tashar SONICHAR da ke Anou Araren kusa da Agadez tana ba da wuta tun 1981, ƙarfinta bai kai megawat 40 ba. Abin da ya tsayar da ita abu biyu ne: an gina ta a bakin ramin kwal, kuma tana da masu saye tun ranar farko, wato kamfanonin haƙar yuraniyom na Arlit. Ƙaramar tasha mai kwastoma ta rayu, manyan da ba su da tabbacin biya suna kan takarda.

Abin da mai zuba jari ke dubawa

Na farko, an kammala haɗa kuɗin? Tashar kwal tana cin shekaru kafin ta gama ginuwa, kuma yawancin kuɗin bashin banki ne. Ƙofofin wannan bashi sun rufe ɗaya bayan ɗaya. A 2019 Bankin Raya Afirka ya ce ya bar harkar kwal. A watan Satumban 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa China ta daina gina sabbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. A Lamu ta Kenya, kotun muhalli ta soke lasisin wata tashar a 2019, daga baya bankin ICBC ya janye. Najeriya ma ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060.

Na biyu, wa zai sayi wutar, kuma zai biya? Kamfanonin samar da wuta a Najeriya suna bin bashin tiriliyoyin naira. Wanda ya ga waɗanda suka riga shi suna jiran kuɗinsu ba zai yi gaggawar zuba nasa ba.

Na uku, ta wace hanya wutar za ta iso? Kwal ɗin Najeriya yana Kogi, Benuwai, Inugu da Maiganga ta jihar Gombe. Ko a ɗauko shi a tirela ɗaruruwan kilomita zuwa Kano, ko a turo wutar ta layukan da suka bar Arewa cikin duhu a 2024. Kowanne ƙarin kuɗi ne da ƙarin kasada.

Masu goyon bayan kwal suna da hujja: sola ba ta aiki da dare sai da batir mai tsada, kuma masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai suna buƙatar wuta ba yankewa. Gaskiya ne. Amma hujjar tana goyon bayan ƙaramar tasha a jikin masana'anta da ke kusa da ma'adinin, irin ta Anou Araren. Kano kuwa an riga an nufo ta da bututun gas na AKK mai kilomita 614, wanda aka fara a 2020, ga tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a watan Janairun 2023. Shi kansa bututun ya wuce wa'adinsa sau da yawa, abin da ke ƙara nuna cewa ranar da aka yi alƙawari daban, ranar da wuta ta zo daban.

Wayar hannu ta isa bincike

Wanda aka tallata wa hannun jarin tasha zai iya tantancewa daga inda yake zaune. Ya buɗe Google Earth ya kwatanta hotunan filin na shekaru daban-daban: akwai bututun hayaƙi, rumbun kwal da turakun layi, ko fili ne da allo? Ya duba ko hukumar NERC ta ba da lasisi, ko kuma hukumar SEC ta yi wa mai tallan rajista. Kamfanonin wuta da ke kasuwar hannun jari ta NGX, Geregu Power da Transcorp Power, da gas suke aiki. Duk manhajar da ta ce za ta biya riba kowane mako daga tashar da ba a gina ba, a tuna da yadda CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025.

Jarin da ya fi kusa da hannun matashi yana kan rufin shagonsa. Farashin wutar sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya daga 2010 zuwa 2023. Faranti, batir da inbata da 'yan layi ɗaya suka haɗa kuɗi suka saya za su fara rage kuɗin fetur a ranar da aka ɗaura su. Tashar kwal kuwa, sai banki ya sa hannu, mai saye ya sa hannu, an ga ƙarfe ya tashi a fili, sannan a fara lissafin riba.