Kuɗin Disamba ne ya kamata ya biya ciwon Yuni



Duk mai sana'a a Kotokuraba ko a zangon Elmina ya san kalandar kasuwarmu a ka. Ranar Talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue a Elmina. Ranar 1 ga Agusta ake tunawa da 'yanta bayi, kuma duk bayan shekara biyu bikin PANAFEST yana zuwa a wannan tsakanin. Asabar ɗin farko ta Satumba ake Fetu Afahye. Sai kuma Disamba, wadda tun bayan Shekarar Komowa Gida ta 2019 ta zama babbar kakarmu. A waɗannan makonni motoci ke sauke baƙi a tsoffin gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, su wuce gadar igiya ta dajin Kakum, su dawo da yunwa da sha'awar tsaraba. Mai tsire ya sayar, mai wake da shinkafa ta sayar, baduku da tela da mai batakari su samu, direban tasi da mai ƙaramin masauki su ma su samu. Daga nan sai ruwan Mayu da Yuni ya sauka, gari ya yi shiru.

Matsalar ita ce ciwo ya fi yawa a daidai lokacin da aljihu ya fi bushewa. Da damina sauro ke yawaita, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara da manya, gudawa ta biyo bayan ambaliyar kwata. Ra'ayina a taƙaice shi ne masu ƙananan sana'o'i na zango su haɗu su zama ƙungiya ɗaya, su ware kuɗin lafiyar kansu da na yaran shagonsu a makonnin da baƙi ke gari, kuma su fara da inshorar gwamnati kafin su saurari tallan kowane kamfani.

Aikina haɗa magani ne, kuma daga bayan kanta ana ganin abin da rashin wannan shiri ke jawowa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa ana shan sa sau shida a cikin kwana uku, amma wanda ba shi da kuɗi sai ya nemi a raba masa rabi. Mai hawan jini ya sha maganinsa watan Disamba da Janairu, ya ajiye shi da kasuwa ta mutu, tunda ba ya jin ciwon komai a jikinsa. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Mai suga ma haka. Yaron mahauci ya yanke a hannu, ya ɗaure da tsumma, ya yi ta haɗiyar maganin kashe raɗaɗi wanda yawan shan sa ke cinye ciki da ƙoda. Idan abin ya yi tsanani sai a bi masallaci da gidaje da roƙon taimako. Jama'ar zango ba sa ƙin bayarwa, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai kuɗin da ake tarawa bayan mutum ya faɗi ya ninka sau da yawa wanda da an biya tun farko da bai faɗi ba.

Dattawanmu sun tuna zamanin da sai ka ajiye kuɗi a kan tebur kafin a taɓa ka a asibiti. Don kawar da wannan aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da doka mai lamba 650 a 2003, aka sake ta da doka mai lamba 852 a 2012. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mun riga muna biyan mafi yawan kuɗinta. Akwai harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kaya da ayyukan da ake cire wa harajin saye, wanda ke tafiya asusun inshorar. Duk mai sayen kaya a kanti yana zuba nasa. Wanda ya bar katinsa ya mutu, ya biya wa wasu ke nan ya hana kansa.

Dokar ta yafe kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da 18, da tsofaffi daga shekara 70, da marasa galihu, da masu zubi a SSNIT da masu karɓar fanshonta. Mata masu ciki suna da kulawa kyauta tun 2008. Saura manya masu sana'ar kansu, wato mu, kuma abin da ake nema a gare mu a shekara bai kai sidi 100 ba. Tun Disambar 2018 ana sabuntawa ta waya: a buga *929#, a biya da momo. Dokar 2012 ta kuma ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da cewa ma'aikacinsa yana da rajista. Wannan nauyi bai tsaya kan manyan otal-otal na bakin teku ba. Ya hau kan Alhaji mai shagon ɗinki da yara uku, ya hau kan Hajiya mai tukunyar tuwon zafi da 'yan mata biyu masu wanke-wanke.

To me ya sa katuna ke mutuwa a aljihu? Mantuwa ce da kuma lokaci. Mai lafiya ba ya tuna kati. Ranar da ya tuna, jiki ya riga ya yi zafi, kuma wanda ya daɗe bai sabunta ba, ko sabon shiga, yana iya jiran wata guda kafin katin ya fara aiki. Wata guda ga mai zazzaɓi ai shekara ce. A nan ne haɗuwa ke da amfani na farko: abin da mutum ɗaya ke mantawa, littafin ƙungiya ba ya mantawa.

Ga lissafi a matsayin misali, kowace ƙungiya ta gyara shi daidai ƙarfinta. A ce shaguna da rumfuna 30 sun haɗu, kowanne da mutum 4, mai gida da yaransa. Mutum 120 ke nan. Kowane shago ya zuba sidi 25 a mako, a makonni 16 kawai na kakar baƙi: Yuli da Agusta da farkon Satumba, sai Disamba zuwa tsakiyar Janairu. Kowane shago ya zuba sidi 400, asusu ya tara 12,000, wato sidi 100 a kan kowane mutum. Da damina ba a tambayar kowa kwabo. Sakatare yana riƙe da suna da lambar kati da ranar ƙarewar kowa, duk farkon wata ya sabunta waɗanda nasu ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne asusun cike gurbi.

Gurbi kuwa akwai shi, kuma duk wanda ya ɓoye wannan bai yi wa jama'a adalci ba. Hukumar inshorar tana cewa tsarin ya ɗauki kusan kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ake fama da su a Gana, har da magungunan hawan jini da suga na yau da kullum. Amma bai ɗauki tabarau ba, ko na'urar ji, ko haƙoran roba, ko ɗakin alfarma, ko ajiyar gawa, ko tiyatar zuciya da ƙwaƙwalwa in ba ta hatsari ba. Sanannen abu ne kuma cewa idan biyan asibitoci ya yi jinkiri, magani kan yanke, a rubuta wa mai kati takarda ya je ya saya a waje. Wannan ne ke sa wasu su ce katin ba shi da amfani. Na fahimci haushinsu, amma lissafin bai goyi bayansu ba. Mai kati da aka kwantar a Asibitin Koyarwa na Cape Coast, ko da ya sayi magani biyu a waje, bai biya ganin likita da gado da mafi yawan gwaje-gwaje ba. Wanda ba shi da kati duka a kansa suke. Asusun cike gurbi na wannan maganin waje ne, da kuɗin mota zuwa asibiti, da ɗan abin cefane ga ma'aikacin da ya kwanta mako guda babu aiki, da gwajin lafiyar da majalisar birni ke nema daga masu sayar da abinci. A rubuta iyakar abin da za a ba mutum ɗaya a shekara tun kafin kowa ya yi ciwo, don kada zumunci ya cinye asusu a wata biyu.

Sai maganar kamfanonin inshora masu zaman kansu. Suna da amfaninsu: asibitocin kuɗi, gajeren layi, magunguna fiye da jerin gwamnati. Amma idan shago mai mutum huɗu ya je shi kaɗai, farashin da za a yanka masa zai yi tsada, kuma da dalili. A cikin mutum huɗu, ciwo mai nauyi guda ɗaya ya isa ya cinye duk abin da suka biya. Kamfani kuma ya san wanda ke zuwa neman inshora shi kaɗai sau da yawa ya riga ya ji wani abu a jikinsa. A cikin mutum 120, samari da dattawa, masu lafiya da masu laulayi, ana iya ƙiyasta abin da za a kashe a shekara, don haka ana iya neman ragi. Shi ya sa sharaɗin ƙungiya ya zama shagon da ya shiga ya shigo da kowa, kada a zaɓo marasa lafiya kawai. Ko da haka, shawarata a yi shekara biyu ana gudanar da matakin farko kafin a zauna da wani kamfani. A lokacin littafinmu zai nuna wane ciwo ke damun mu da nawa muke kashewa. Idan ranar ta zo, a tambayi abu huɗu: lasisinsu daga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, domin ita doka ta ba rajistar irin waɗannan kamfanoni, asibitocin da ke karɓar katinsu a nan Cape Coast da Elmina, matsayin wanda ya shigo da hawan jini ko suga, da ko za su yarda a biya kuɗin shekara a watannin kasuwa. Mu ma namu asusun ya tsaya a matsayin taimakon 'yan ƙungiya. Ranar da muka fara sayar wa na waje alkawarin magani, mun shiga hurumin da ke buƙatar lasisi.

Na ji masu shaguna suna cewa yaro yau yana nan, gobe ya tafi Kumasi ko Takoradi, don me zan biya masa? Katin NHIS na mutum ne, yana aiki ko'ina a ƙasar. Idan ya tafi da shi, abin da ka yi asara bai kai cinikin tsiren dare ɗaya a Disamba ba, kuma ka samu lada. Idan ya zauna, ka samu ma'aikacin da zai je asibiti ranar farko ta zazzaɓi ya dawo bakin aiki, maimakon ya yi ta jan jiki har ya kwanta a makon Afahye, lokacin da ka fi buƙatar hannunsa.

Wasu kuma tsoron amana suke, kuma suna da hujja, don kowa ya san labarin susu da ya watse. Maganin wannan tsari ne. Kuɗi ya zauna a banki da sunan ƙungiya mai rajista, ba a akwatin wani ba. Sa hannu uku, ɗaya daga ciki na mace, tunda mata ne ke riƙe da yawancin sana'ar abinci. A karanta shiga da fita a bainar jama'a duk wata uku. Sunan ciwon mutum kuwa sirrinsa ne, a karanta adadi a bar suna.

Saura tambayar da iyayenmu suka fi yi: shin inshora ta halatta? Hukunci na malamai ne, kuma ina roƙon limamanmu su yi mana bayani a kan mumbari. Abin da zan iya kawowa shi ne tarihi. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan bisa tsarin taimakekeniya. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta bambance inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, ta amince da ta biyun. Asusun da nake magana a kai ba shi da mai cin riba. Irin abin da muke yi ne a suna da aure da rasuwa, sai dai an gabatar da shi kafin musiba. A nan Gana ma akwai abin koyi: tun 1992 mutanen Nkoranza suka kafa asusun lafiya na gari tare da asibitin mishan ɗinsu, shekara 11 kafin dokar ƙasa.

Kada mu manta da 2020. A watan Maris aka rufe iyakoki, filin jirgin Kotoka bai buɗe wa baƙi ba sai 1 ga Satumba, iyakokin ƙasa kuwa sai Maris na 2022. Sana'ar da ta dogara da baƙo tana iya tsayawa cikin mako ɗaya, ba tare da laifin kowa ba. Shi ya sa ya kamata a bar wani kaso na asusun ba a taɓa shi, wanda zai iya sabunta katin kowa na shekara guda ko da ba a yi zubi ba.

Roƙona ga Sarkin Zango da Magajiya da shugabannin mahauta, teloli, direbobi da masu abinci shi ne a kira zama ɗaya kafin kakar baƙi mai zuwa. Kowane mai shago ya zo da sunayen yaransa da katunansu da katin Gana. A gayyaci jami'in ofishin NHIS na gunduma ya yi bayanin abin da ke ciki da abin da ba ya ciki a yanzu, domin jerin yana canzawa. A wannan zaman a duba katin kowa ta waya, a ƙirga nawa ne ke aiki, a zaɓi sakatare da ma'aji, a tsayar da ranar zubin farko.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana zango. Amin.