Dandalin Fasaha: Kada Kyallin Kwamfuta Ya Ruɗe Ku

Da yawa daga cikinku a Bodinga da Shagari na shirin karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, wasu kuma na son koyon rubuta manhaja tun yanzu. Idan iyaye suka sayar da amfanin gona ko dabba don saya muku kwamfutar tafi-da-gidanka, kuɗin ba na wasa ba ne. To, me za ku duba?

Na farko, RAM, wato wurin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. Kada ta gaza GB 8. Manhajar Android Studio, wadda ake haɗa manhajojin waya da ita, sai da hakan take tafiya, kuma 16 ta fi.

Na biyu, ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla GB 256. Ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, ta kuma fi jure girgizar mota da babur.

Na uku, ƙwaƙwalwar injin. Rubutun "Core i7" kaɗai bai isa ba, ku tambayi zubi na nawa ne. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 na son Intel zubi na 8 zuwa sama.

Na huɗu, yanayinmu. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Don haka tsohuwar ThinkPad, Latitude ko EliteBook, irin ta ma'aikata, ta fi sabuwa mai araha ƙarko, kuma ana samun kayan gyaranta.

Ba a cinikin biri a sama. Ku je da wanda ya sani, ku cire caja ku ga ko batir zai yi awa uku, ku danna kowane maɓalli, ku saurari fanka, ku karɓi rasit.

Wanda bai samu ba tukuna, kada ya naɗe hannu. Ana fara koyon Python a ɗakin kwamfuta na makaranta, har ma a waya. Sai mako mai zuwa.