FILIN WASANNI: Tiya guda tsakanin Naim da Leonidis

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san nauyin tiya guda ta gero: kilo biyu da rabi ne, ko kusa da haka, abin da ƙaramin yaro zai ɗauka ya kai gida bai sauke ba. To, ɗan wannan nauyi shi ne ya raba tsakanin wasu maza biyu a birnin Atalanta na Amurka, ran 22 ga watan Yuli na shekarar 1996, a gasar ɗaga ƙarfe ta wasannin Olampik. Ɗaya ya tafi da zinariya, ɗaya ya tafi da azurfa. Har yau masana wannan wasa, in ana lissafin manyan karawa, da wannan suke somawa.

Kafin a shiga labari, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake, don ɗaga ƙarfe ba wasan da aka saba gani ba ne a filayen ƙasar nan. Sanda ce ta ƙarfe mai kilo 20, ana zura mata fayafayai dama da hagu. Ɗauka iri biyu ce. Ta farko ita ce fizga: a ciro ƙarfen daga ƙasa a kai shi bisa kai da motsi guda, babu tsayawa a hanya. Ta biyu ita ce saɓa da turi: a kawo shi kafaɗa, a miƙe da shi, sannan a tura shi sama hannuwa a miƙe. Kowane ɗan wasa yana da gwaji uku a kowace ɗauka, a haɗa mafi nauyi na nan da na can, jimilla ita ce hukunci. Alƙalai uku ne ke zaune, farar fitila biyu sun isa a karɓa. Akwai kuma wata ƙa'ida wadda ita ce gishirin wasan: nauyin da ke bisa sanda gaba yake yi, ba ya komawa baya. Wanda ya cika baki ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa, ba shi da damar cewa a rage masa. A wancan zamani kilo biyu da rabi ne ƙaramin matakin da ake ƙarawa, kuma idan jimilla ta zo ɗaya, wanda ya fi rashin nauyin jiki shi ke da nasara.

Na farkon mazan nan biyu shi ne Naim Suleymanoglu. Tsawonsa santimita 147 kacal, amma gajere ba yaro ba ne. An haife shi a shekarar 1967 a kudancin Bulgariya, cikin Turkawa marasa rinjaye na ƙasar. Tun yana matashi ya kafa rekor na duniya na manya, watau ya ɗaga abin da wani bai taɓa ɗagawa ba a ajinsa. Wasannin Los Anjales na 1984 sun wuce shi, saboda ƙasashen gurguzu sun ƙaurace musu. Cikin wannan tsakani ne gwamnatin Bulgariya ta tilasta wa Turkawan ƙasar su bar sunayensu na Musulunci su ɗauki na Bulgariya, aka hana su magana da harshensu a bainar jama'a. Shi ma gwarzon ƙasa bai tsira ba: aka mai da shi Naum Shalamanov, da wannan suna ake kiransa a dandali. A watan Disamba na 1986, bayan ya ci wata gasa a Melbon ta Ostareliya, sai ya sulale daga cikin tawaga, ya nemi mafaka wajen Turkiyya. Faraministan lokacin, Turgut Ozal, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da yake doka ta hana wanda ya sauya ƙasa shiga Olampik nan take sai da yardar ƙasarsa ta farko, Turkiyya ta biya Bulgariya dala miliyon guda da wani abu don a sake shi.

Kuɗin nan ba su faɗi ƙasa banza ba. A Seyul, cikin 1988, a ajin masu kilo 60, Naim ya fizgi kilo 152,5, ya tura 190, jimilla 342,5. Mai bi masa, Stefan Topurov na Bulgariya, tsohon abokin atisayensa, ya tsaya a 312,5. Tazarar kilo 30 ke nan. Abin ya kai ga jimillar Naim ta ɗara ta wanda ya ci zinariya a ajin da ke sama da nasa, na masu kilo 67,5, wanda ya tashi da 340. Mutum mai kilo 60 ya ɗora wa kansa kusan buhu biyu na gero, ninkin jikinsa uku har da ƙarin kilo goma. Lasha Talakhadze na Jojiya, wanda ya tura kilo 267 a Tashkent cikin 2021, abin da babu mahaluƙin da ya taɓa turawa a gasa, bai kai ga ninka nauyin jikinsa sau biyu ba. Ba a ce wannan kwatanci adalci ne ga Lasha ba, don ƙarfin mutum ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar jikinsa, amma yana nuna irin abin da aka gani a Seyul.

Saboda haka mutane da yawa kan ce kilo 190 na Seyul shi ne ƙololuwar Naim. Ta fuskar lissafi gaskiyarsu ne. Sai dai a Seyul tun daga gwajinsa na farko a ɗauka ta biyu gasar ta ƙare, saura da ya yi shi da ƙarfe ne kawai suke gardama. In ya kasa 190, ba abin da zai rasa sai rekor. A Barselona ma, cikin 1992, ya ci da 320 da tazarar kilo 15, bai ji numfashin kowa a bayansa ba. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Sai a Atalanta ya gamu da wanda zai sa a ji amonsa, yana ɗan shekara 29, jiki ya soma gajiya, ga shi kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mutum ne mai yawan shan taba.

Wannan na biyu shi ne Valerios Leonidis. Shi ma baƙon haure ne ga tutar da ya ɗauka. An haife shi a Tarayyar Sobiyat cikin Girkawan da suka daɗe da zama can, sai a farkon shekarun 1990 ya koma Girka. A gasar duniya ta 1995 a Gwanzu ta ƙasar Sin, su biyun sun yi kunnen doki a kilo 327,5, Naim ya ci don ya fi shi rashin nauyi a bisa sikeli. Leonidis ya riƙe wannan darasi. Da aka hau sikeli a Atalanta, a ajin masu kilo 64, shi ne ya fi sauƙin jiki. Ma'ana, kunnen doki a wannan karo nasa ne, tilas Naim ya wuce shi ko da da tiya guda.

Kuma ba su biyu kaɗai ke cikin zauren ba. A watan Janairu na wannan shekara, Girka da Turkiyya sun kai bakin yaƙi kan wasu duwatsu biyu na cikin teku da ba kowa a kansu, Girkawa na ce musu Imiya, Turkawa na ce musu Kardak. Jirgin sama mai saukar ungulu na Girka ya faɗi, hafsoshi uku suka mutu, sai da Amurka ta shiga tsakani. Wata shida bayan haka, ga magoya bayan ƙasashen biyu, kowane ɓangare da tutocinsa a gefe guda na zaure, suna amsa wa juna da waƙoƙi.

A fizga, Leonidis ya tsaya a 145, ya nemi 147,5 ya kasa. Naim ma ya kasa 147,5 a gwaji na biyu, ya komo ya ɗaga a na uku. Nan tiyar nan ta samo asali, ko da yake a lokacin ba wanda ya san ita ce za ta yanke hukunci.

Aka zo saɓa da turi. Kowannensu ya buɗe da 180, kowa ya ɗaga. Sauran ƴan wasa suka kammala, dandali ya rage nasu. Naim ya nemi 185, abin da ya wuce rekor na duniya na ajin, ya tura shi, jimillarsa ta kai 332,5. A nan lissafi ya shigo. In Leonidis ya ɗaga 185 shi ma, yana nan a baya, ba abin da ya ƙaru. Sai ya ce a sa 187,5, nauyin da bai taɓa ɗagawa a gasa ba. Ya saɓa, ya miƙe, ya tura, fararen fitilu suka kama. Sabon rekor, jimilla 332,5, kuma ta dalilin sikeli zinariya ta koma hannun Girka. Zaure ya ɗauki sowa, amma ɓangare guda.

Gwaji ɗaya ya rage wa Naim. Da ya kasa, da labarinsa ya zama na wanda ya ci sau biyu aka kayar da shi a na uku, kuma Bagirke ne ya kayar da shi, a shekarar da ba ta dace ba. Ya fito, ya shafa alli, ya tsaya bisa sandar kamar yadda ya saba, baki a buɗe, ya ja 187,5, ya tura. Jimilla 335, wani rekor ɗin. Kilo 187,5 bai kai 190 na Seyul ba, kuma jikinsa ya ƙaru da kilo huɗu, amma wannan ɗauka ta fi waccan tsada, don ita ba a yi ta da zaɓi ba.

Leonidis na da gwaji na ƙarshe. Ya nemi 190. In ya ɗaga, jimilla 335 da 335, zinariya tasa. Cikin ƴan mintoci ke nan ana neman mutum ya ƙara kilo goma bisa abin da ya buɗe da shi. Ya ja ƙarfen daga ƙasa, amma bai iya tashi da shi ba. Aka tashi 335 da 332,5. Na uku, Xiao Jiangang na ƙasar Sin, yana can baya da 322,5. An ruwaito cewa da suka rungumi juna kafin ba da lambobi, Leonidis ya ce wa Naim shi ne gwani, Naim ya amsa masa da cewa su biyun ne. Da wannan Naim ya zama ɗan ɗaga ƙarfe na farko da ya ci zinariya a Olampik uku a jere.

Ba za a yi maganar wannan zamani ba a ɓoye tabonsa. A Seyul ɗin nan da Naim ya yi fice, an ƙwace zinariya biyu daga ƴan Bulgariya, Mitko Grablev da Angel Genchev, saboda haramtaccen magani, har tawagarsu ta janye. Hukumar wasan ta duniya ta sake tsarin ajujuwan nauyi a 1993, ta sake a 1998 da 2018, kuma kowane sauyi yakan share tsofaffin rekor a soma sabon littafi. Saboda haka babu 342,5 babu 335 a jerin rekor na yau. Ƙa'idar sikeli ma an soke ta tun 2017, yanzu wanda ya riga kai wa jimillar shi ke da ita, kuma tun 2005 kilo guda-guda ake ƙarawa. Da dokokin yau, da lissafin daren Atalanta ya sha bamban.

Naim ya koma neman ta huɗu a Sidini cikin 2000. Ya nemi 145 a fizga sau uku, sau uku ƙarfen ya faɗo, ya fita ba shi da jimilla. Leonidis kuwa bai taɓa samun zinariyar Olampik ba, ya koma horar da ƴan wasa a Girka.

Ran 18 ga watan Nuwamba na 2017 Naim ya rasu a Istambul yana ɗan shekara 50, bayan doguwar jinyar ciwon hanta da dashen da aka yi masa a watan Oktoba. An yi masa salla a masallacin Fatih. Cikin waɗanda suka zo jana'iza har da Leonidis, wanda ya taso daga Girka, ya tsaya gaban makarar da aka lulluɓe da tutar Turkiyya, ya sunkuya ya sumbace ta.