Miyar Sambar: Tsamiya Ta Shiga Tukunyar Miya

 Yau za mu leƙa kudancin Indiya, jihar Tamil Nadu, inda iyalai da yawa ba sa cin nama sam, amma miyarsu ba ta rasa armashi. Da yadda nama ya yi tsada a kasuwa, ai kin san dalilin da ya sa na ɗauko zancen.

Sunan miyar sambar, kuma kusan duk kayanta suna madafinki: tsamiya, kabewa, kuɓewa, yalo, albasa, tumatir, kurkur da hulba. Su da wani irin wake suke yi mai suna toor dal. Ke ki surfa farin wakenmu kofi 1 kamar za ki yi alale, ki dafa da ɗan kurkur har ya farfashe, ki dama shi da ludayi. Shi ne kaurin miyar, shi ne kuma madadin naman.

Ga inda ake samun matsala: kada tsamiya ta shiga kafin wake ya nuna. Tsami yana hana wake laushi, sai ki ƙarar da gas yana nan da tauri. Ki jiƙa tsamiyar a ruwan ɗumi, ki tace, ki dafa kayan lambun a ciki da gishiri, sannan ki juye waken su tafasa tare na minti 5.

Sai zogale. Mu ganyen muke kwaɗawa, dogayen 'ya'yan kuwa mu bar su su bushe a bishiya. Can su ne abin nema. Ki tsinko ɗanyu masu taushi, ki yanka tsawon ɗan yatsa ki jefa. Ba a haɗiye ɓawon, tsotse cikin ake yi, kuma yara suna son wannan tsotson fiye da yadda za ki zata.

Ƙamshin a ƙarshe yake zuwa. Ki ɗora mai cokali 2, ki zuba busasshen barkono, tafarnuwa da hulba, da zarar sun fara ja ki kwarara a kan miyar ki rufe. Hulbar kwatan ƙaramin cokali ta isa, idan ta ƙone kuwa ɗacinta ba ya gyaruwa. Suna sa ganyen kori a nan, amma nasu na bishiya ne, ba irin wanda ake sayar mana ba. In babu, ki bar shi kawai.

Akwai ƙanwarta mai ruwa-ruwa, rasam, ta tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa, wadda suke kurɓa da zafi lokacin mura. Ita sambar da farar shinkafa ake ci, ko da wata wainar shinkafa da suke turarawa, idli. Ni dai a ganina da masa ta fi tafiya. Idan akwai mai gyambon ciki a gidan, ki rage tsamiyar da barkonon sosai.